Da kuɗinka ake yi maka kamfen: fashin baƙi kan tallan gwamnati

Wani azumi da ya wuce na je gaida gwaggona a ƙauye, ina shiga ɗaki ta jawo min wani buhun shinkafa da aka raba musu, ɗan ƙarami ne irin mai kilo biyar ɗinnan, amma hoton da ke jikinsa ya cinye rabin buhun, mutum ne da babbar riga da hula yana murmushi, a ƙasa an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, sunan ma'aikatar da ta sayo shinkafar kuwa sai ka ƙura ido sosai kafin ka gano shi can a gefe. Tana ta zuba masa addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya, Allah ya maimaita masa. Nace Gwaggo ai da kuɗinki aka sayo ta. Ta kalle ni tace kai ɗan nan, ni wane kuɗi gare ni, ni da ban taɓa ganin takardar haraji ba?

Wannan amsar tata ta daɗe tana cin raina, domin a kanta duk harkar take tafiya. Gwaggo tana biyan haraji, kawai dai ba a bata rasit. Duk ranar da ta sa katin waya ko ta sayi sabulu akwai harajin kaya a ciki, wanda tun watan Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Kuɗin man fetur da ake rabawa jihohi duk wata daga asusun tarayya kuwa da rabonta a ciki kamar yadda yake da rabon kowa. Toh kaga an ɗauki nata an sayo shinkafa, an ƙara ɗaukar nata an biya mai buga hoto, sannan godiyar ta tafi aljihun mutum ɗaya wanda zai dawo neman ƙuri'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kar wani ya ɗauka cewa nake gwamnati ta daina talla. Sam. Akwai tallan da rai ne. Mu da muka ga abinda ya faru da allurar shan inna a 2003, lokacin da aka ƙaurace mata a Kano cutar ta sake bazuwa, mun san irin aikin da sanarwar rediyo da sarakuna da malamai suka yi kafin a kai ga watan Agustan 2020 da aka tabbatar cutar ta daji ta bar nahiyar Afirka. Sanarwar ambaliya, sanarwar ranar rufe rajistar jarrabawa, sanarwar cewa kwalara ta ɓulla a tafasa ruwa, duk wannan haƙƙin jama'a ne kuma kuɗin da aka kashe a kai halal ne. Bambancin a wajena mai sauƙi ne: idan ka gama jin talla, shin ka san wani abu da zaka tashi ka yi, ko kuwa abinda ya rage a kanka kawai shine wane mutumin kirki ne? Na farko sanarwa ce. Na biyu kamfen ne da aka saka masa rigar gwamnati.

Masu kare abin suna da hujja kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa ai dole gwamnati ta faɗawa mutane abinda ta yi da kuɗinsu, in an gina titi a faɗa, in an gina asibiti a nuna. Gaskiya ne. Amma rahoto daban, kirari daban. Rahoto zai faɗa maka titin kilomita nawa ne, nawa aka kashe, wane kamfani aka baiwa kwangila, yaushe ya kamata a gama kuma me yasa ba a gama ba. Kirari kuma kiɗa ne da hoton mutum yana yanka ƙyalle. Ka lura da kyau, irin wannan tallan baya taɓa faɗin farashi.

Abin ba namu bane mu kaɗai, kuma wurare biyu ne suka fi koya min yadda harkar take aiki, lardin Ontariyo na ƙasar Kanada da kuma Indiya, domin duka biyun sun yi ƙoƙarin ɗaure abin da doka kuma kowanne ya nuna ta inda igiyar take kwancewa.

Ontariyo shine lardi mafi yawan jama'a a Kanada, can Toronto take. Jam'iyyar Libaral lokacin tana adawa ta daɗe tana kuka cewa gwamnatin masu ra'ayin riƙau tana tallata kanta da kuɗin jama'a, da suka ci zaɓe ƙarƙashin Dalton McGuinty sai suka yi doka a 2004, doka mai haƙora. Kafin gwamnati ta saka talla a talbijin ko rediyo ko jarida ko allon talla, sai ta kai wa odita janar na lardi, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati, ya duba, shi kuma oditan ba yaron firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, bane, majalisa yake yiwa aiki. In ya duba ya ga babban manufar tallan shine a wanke jam'iyya mai mulki ko a shafawa 'yan adawa baƙin fenti, zai ce ba za a saka ba, shikenan kuma ba za a saka ba. Abu mai muhimmanci anan shine dokar ta bashi damar ya yi amfani da hankalinsa, ya duba lokacin da aka fito da tallan, ya duba yanayin maganar, ya duba ko akwai bayani a ciki ko zallar yabon kai ne.

Kusan shekara goma aka yi a haka. A 2015 sai ita dai wannan jam'iyyar ta Libaral, yanzu ƙarƙashin Kathleen Wynne, ta gyara dokar. Basu soke ta ba fa, anan dabarar take, domin da sun soke da an yi musu ca. Ma'anar kalma ɗaya kawai suka canza. Suka ce daga yanzu talla zai zama na siyasa ne idan akwai suna ko murya ko hoton ɗan majalisa ko minista a ciki, ko sunan jam'iyya da tambarinta, ko an cika shi da launin jam'iyya mai mulki, ko an ambaci 'yan adawa kai tsaye an soke su. In babu waɗannan, dole odita ya buga hatimi ko da kuwa yaro ɗan firamare ya san inda tallan ya dosa. Odita janar ta lokacin, Bonnie Lysyk, ta fito fili ta yi gargaɗi cewa an mayar da ofishinta mai buga hatimi kawai, kuma tun daga nan kusan duk shekara rahoton ofishin yana lissafa tallace-tallacen da a tsohuwar doka da ba zasu wuce ba.

Masu ra'ayin riƙau da ke adawa a lokacin suka yi ta kumfar baki, suka yi alƙawarin in sun hau zasu mayarwa odita ƙarfinsa. Jagoransu Doug Ford ya hau a 2018. Ba a mayar ba. Rahoton odita na watan Disambar 2024 ya nuna gwamnatinsa ta kashe dalar Kanada miliyan 103.5 a talla cikin shekarar kuɗi ɗaya, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan, ninki uku na shekarar da ta gabata, kuma sama da rabin kuɗin ya tafi ne a tallan da oditan tace babban burinsu shine su sa mutane su ga kyan jam'iyya mai mulki. Irin tallan nan ne na hotunan masana'anta da ma'aikata da tituna da kiɗa mai daɗi, babu fuskar Ford babu sunansa, saboda haka doka bata kama su ba. Kusan wata uku bayan rahoton, a ƙarshen Fabrairun 2025, aka yi zaɓen da shi Ford ya kira tun kafin wa'adi, ya sake lashewa. Ba ina cewa talla ne ya ci masa zaɓe ba, akwai rigimar haraji da Amurka a lokacin wadda ta mamaye komai, amma dai kafin a busa usur ɗin fara kamfen shi ya riga ya yi watanni yana gudu da man jama'a, abokan takararsa suna tsaye a layi.

Abinda ya fi tsaya min a labarin Ontariyo shine jam'iyyu biyun duk sun yi abu ɗaya. Wanda ya kafa dokar shi ya zare mata haƙora, wanda ya rantse zai gyara shi ya fi kowa cin moriyar lalacewar. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Saboda haka duk wanda ya ce maka matsalar ta jam'iyya kaza ce, a zaɓi tasu za a daina, kar ka yarda, kujerar ce take zuwa da wannan kwaɗayin.

Indiya kuma ta wata hanya ta bi, ta kotu. Can abin ya daɗe, ana dab da zaɓen 2004 gwamnatin Vajpayee ta jam'iyyar BJP ta cika talbijin da jaridu da wani gagarumin talla mai cewa Indiya tana haskawa, da kuɗin gwamnati, amma talakan ƙauye ya duba tukunyarsa bai ga hasken ba, suka faɗi zaɓe, Manmohan Singh ya zama firaminista. Wata ƙungiyar farar hula mai suna Common Cause ta kai maganar irin waɗannan tallace-tallace Kotun Ƙoli, aka yi shekaru ana jan shari'a, kotu ta naɗa kwamiti ƙarƙashin malamin shari'a Madhava Menon ya tsara ƙa'idoji, sannan ranar 13 ga Mayun 2015 ta yanke hukunci: tallan gwamnati ya tsaya kan aikin gwamnati, kar ya ɗaukaka ɗan siyasa, kar ya soki adawa, kuma hoton mutum uku kawai aka yarda a saka, shugaban ƙasa da firaminista da alƙalin alƙalai.

Ko shekara ba a yi ba jihohi da ita kanta gwamnatin tsakiya suka koma kotu suna roƙo, wai ta yaya firaminista zai saka hotonsa mu a hana mu. A watan Maris 2016 kotu ta sassauta, ta ce gwamnoni da manyan ministocin jihohi da ministoci suma zasu iya. Kaga ƙofar da aka rufe an sake buɗe ta. Har takardar shaidar allurar korona sai da aka saka mata hoton firaminista Narendra Modi, mutum ya je ya yi allura ya dawo gida da fosta a aljihu, hukumar zaɓe ce ta sa aka cire hoton a jihohin da ke zaɓe a 2021, wani mutum kuma da ya kai ƙara babbar kotun jihar Kerala yana neman a cire gaba ɗaya, an kori ƙarar har da cinsa tara.

Amma inda abin ya fi armashi shine Delhi. Bayan hukuncin kotu an kafa kwamitin mutum uku a 2016 da zai riƙa duba tallan gwamnati, tsohon shugaban hukumar zaɓe B.B. Tandon ne ya jagoranta. Wani jigon jam'iyyar Congress, Ajay Maken, ya kai ƙorafin gwamnatin Delhi ta Arvind Kejriwal da jam'iyyarsa ta AAP. Kwamiti ya duba ya ce eh sun karya ƙa'ida, suna saka talla a jihohin da ba nasu ba, suna ambaton sunan jam'iyya, suna sukar 'yan adawa da kuɗin baitulmali. A 2017 aka umarci jam'iyyar ta mayar da kimanin rupi, kuɗin Indiya, miliyan 970 cikin asusun gwamnati. Wannan shine hukuncin da ya dace, in ka ci na jama'a jam'iyyarka ta amayar. Ba a biya ba aka shiga kotu, a farkon 2023 aka sake aiko musu da takarda kuɗin ya haura biliyan 1.6 saboda kuɗin ruwa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Gwamnatin tsakiya ce ta naɗa kwamitin, Laftanar Gwamnan Delhi da ya bada umarnin karɓo kuɗin shima gwamnatin tsakiya ce ke naɗa shi, ita kuma gwamnatin tsakiya tana hannun BJP, babbar abokiyar gabar AAP, wadda ita kanta hoton shugabanta ya cika gidajen mai da jaridun ƙasar. Saboda haka ko da laifin AAP gaskiya ne, kuma ni na yarda gaskiya ne, sai ya zama suna da bakin cewa bita da ƙulli ake musu, magoya bayansu kuma suka yarda. A Ontariyo alƙalin wasa mai zaman kansa ne amma an ƙwace masa jan kati. A Delhi yana da jan katin amma ƙungiya ɗaya ce ta ɗauke shi aiki.

Akwai wani abu da ya faru a Delhin a 2023 wanda shi ya fi nuna min ainihin asarar. Ana gina layin jirgin ƙasa mai sauri daga Delhi zuwa Meerut, gwamnatin Delhi ta ce bata da kuɗin biyan kasonta. Alƙalan Kotun Ƙoli suka ce to a kawo mana lissafin abinda kuka kashe a talla shekara uku. Da aka kawo sai ga kusan rupi biliyan 11. Kotu ta ce ku biya biliyan 4.15 na jirgin cikin wata biyu, da suka yi jan ƙafa kuma a watan Nuwamba ta ce za ta sa a kwashe daga bajet ɗin tallan kai tsaye. Wannan lissafin nake so kowa ya riƙa yi a ransa, domin kuɗin talla ba daga sama yake faɗowa ba, duk allon da ka gani a shataletale akwai rijiyar burtsatse ko rufin aji da aka fasa yi.

Sannan akwai illa ta biyu wadda bata fitowa a bajet, kuma ni a ganina ta fi ta farko muni. Gidan rediyo da jarida da talla suke rayuwa. A wurin da kamfanoni basu da yawa, gwamnati ce babbar mai sayen fili, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Wani abokina da ya yi aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa ya taɓa bani labarin ranar da ya haɗa rahoto kan wani asibiti da rufinsa ke yoyo a kan gadon masu jego, ya ɗauko muryoyi ya gama tacewa, saura minti kaɗan a shiga labarai manaja ya leƙo yace malam a ɗan ajiye wannan tukuna, kasan bashin shirye-shiryen wata uku muke bi kuma albashinku a ciki yake. Babu wanda ya bugo waya daga sama, babu wanda ya yi barazana, bashin ne ya yi magana. Rahoton bai taɓa fita ba. A Ajantina irin wannan ta kai har Kotun Ƙoli, jaridar Río Negro ta buga labarin zargin cin hanci da ya shafi gwamnan lardin Neuquén, lardin ya janye mata talla, a 2007 kotu ta ce gwamnati ba dole bane ta baiwa jarida talla amma bata da ikon amfani da shi a matsayin bulala.

To mu fa a gida? Dokar zaɓe ta 2022 a sashe na 95 ta ce kar a yi amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labaranta, don fifita wata jam'iyya ko ɗan takara a zaɓe. Sashe na 88 kuma ya ƙayyade abinda ɗan takara zai kashe a wancan lokacin, naira biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa, biliyan 1 ga mai neman gwamna. Da kyau a takarda. Amma duk wannan maganar lokacin zaɓe ce, shekara uku da rabi da mai kujera ya yi yana jikin buhun shinkafa da littafin rubutun 'yan makaranta da adaidaita sahu da shafi guda na jarida ranar cikar shekara a mulki, ko sisi baya shiga wannan lissafin, sunansa wayar da kan jama'a. Ɗan adawa zai fara ne daga sifili da kuɗin aljihunsa, mai kujera kuma ya riga ya shiga ɗakin kowace gwaggo. Yanzu ma abin ya ƙara ɓuya tunda ya koma Facebook da TikTok, inda ake biyan matasa su yi yabo kamar daga zuciyarsu ya fito, babu ko alamar cewa talla ne ballantana a san daga wane asusu aka biya.

Brazil ta saka abin a cikin tsarin mulkinta na 1988 ƙarara, sashe na 37, cewa sanarwar gwamnati ta zama ta ilimantarwa da bada bayani, kuma ba a yarda da suna ko alama ko hoton da zai tallata jami'i ba. Ni ina goyon bayan mu yi irin wannan, a cire fuska daga buhu da allo da motar asibiti, a bar tambarin jiha. Amma Ontariyo ta riga ta nuna mana cire fuska kaɗai baya isa, za a iya yin kirari ba tare da an ambaci suna ba. Dole a samu wanda zai duba tallan kafin ya fita, ya kuma iya cewa a'a. Odita janar na jiha a wajenmu gwamna ne ke naɗa shi majalisar jiha ta tabbatar, kuma aikinsa yana zuwa ne bayan an gama kashe kuɗi, wani lokacin bayan an gama zaɓen ma, ba a ba kura ajiyar nama sannan a dawo bayan shekara biyu ana tambayar ƙashi.

Kafin a kai ga gyaran doka akwai abinda yake hannunmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta baiwa kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta takarda ya nemi bayani daga hukuma, kuma kwana 7 aka basu su amsa. Abinda alƙalan Indiya suka nema shi zamu nema: nawa aka kashe a talla da yaɗa labarai shekara uku da suka wuce, wace kafa ta karɓi nawa, wane saƙo aka saya da shi. In lambar ta fito sai a ajiye ta gefe da gefe da kuɗin maganin asibitocin karkara na waɗannan shekarun, a karanta su a rediyo da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, a gidan da zai yarda ya karanta.